Ƙidayar Kwaɗi a Tabkin Tabalak

Daga Yamai na taso da kaye biyu da tocila,
da raga, da ma'auni, da kwalabe sha shida,
da takardar izini mai tambari uku
wadda ko kwaɗo ɗaya bai nemi gani ba.
Mota ta sauke ni bayan la'asar,
gabas ta haɗe rai, ƙasa na ƙamshin ruwa.

Nomau ne ya tarbe ni, mai garkar albasa.
Ya dubi takalman robana, ya yi dariya har da tari.
"Ɗiyata, shekara nawa kika yi a lakwal?"
Na ce ashirin.
"Ashirin, don ki zo ƙirgar kwaɗi?
To, Allah ya ba mu lafiya. Mu je, rana na faɗuwa."

Dare ya yi, tabki ya buɗe baki.
Ni da na'urar ɗaukar murya,
shi da kunne.
"Mai gurnanin nan bududdugi ne, ya ƙoshi.
Mai ƙara kamar maƙera ta kama aiki,
bai kai babban yatsanki ba, yana maƙale a kara.
Wancan kuwa wata tara yake binne a laka,
ba ci, ba sha, ba gaisuwa,
sai aradu ta buga masa ƙofa ya ce ina zuwa."

Na rubuta iri tara.
Malamina ya kwana nan tun ba a haife ni ba,
shi sha huɗu ya rubuta.
Na ce, biyar ɗin fa, baba?
Bai amsa ba. Galan na maganin feshi, fanko,
ya tura da ƙafa cikin ciyawa.

Can da nisa, muna komawa, ya ce,
"Tsutsa ba ta jin roƙo,
kuma kwaɗo bai taɓa saya wa jikana allura ba."
Ban da abin cewa.
Littattafan da na haddace ba su da babin wannan damuwa.

Da safe yayarsa Tsahara ta hau da ni fako,
tana gaba da ƴar kwalba da guntun gatari.
Ga sabara ta mai jego,
ga filasko in ciki ya ɗaure,
ga anza, mai ɗaci, wadda ta riƙe su shekarar da rumbu ya bushe.
Ɓawon hano ta gefe ɗaya take sara,
ta shafe raunin da laka kamar mai lallashi.
Ni ina danne ganye cikin tsohuwar jarida,
ina ba kowane suna da harshen da masu shi suka mutu,
ita tana maida ƙasa bisa saiwa.

Sai wani ɗan tsiro a tsagar dutse,
ganye kamar kunnen ɓera, fure ruwan toka.
Na durƙusa. Ta riƙe mini hannu.
"Wanda na nuna wa na ƙarshe
da amalanke ya dawo, da buhu takwas.
Duba da ido, ki bar alƙalami."
Layin nan har yau fari ne a kayena,
shi ne kaɗai ba na tsoron mantuwa.

Yanzu ga ni a ɗakin bincike,
kwalabe a jere, fanka na juya zafi.
Ina kunna muryar tabki, ina sake ƙirgawa,
ina jin gurbin biyar kamar giɓi a baki.

Shekaranjiya, tsakar dare, waya ta yi ƙara.
"Ɗiyata, akwai wani yana kuka bayan garkata,
rabona da shi tun shekarar da aka haifi Bizo.
Galan ɗin ma na daina wanke shi a bakin tabki.
Saurara!"
Na ji iska, na ji numfashin tsoho,
na ji wani abu siriri kamar zare,
sai katinsa ya ƙare.

Na ɗauki fensir, ba biro ba,
na rubuta goma,
na zauna jiran motar Tawa.